Farin da Ya Fito wa Inna a Hannu

A unguwarmu ta Haɗeja da wuya ka sami yaron da ba hannun Inna ne ya fara yi masa wanka ba. Ba ta karɓar haihuwa, amma da an yanke cibi ita ake aika wa. Ta iya riƙon jariri yadda ruwa ba zai shiga masa hanci ba, ta iya gashin cibi, ta iya tausa har yaro ya yi barci a tafin hannunta. Takan ce duk samarin unguwar mazajenta ne, ta san su tun suna tsumma, don haka kada wanda ya yi mata fankama don ya sayi babur.

Ni kaɗai ce 'yarta mace, kuma auta. Na gaji bakinta, ban gaji haƙurinta ba. 'Ya'yan yayyena duk a gidajen kakanninsu na wajen uwa aka yi musu wankan fari, kamar yadda aka saba, saboda haka nawa ne jikan da za ta fara wankewa a ɗakinta. Shekarar da na dawo gida goyon ciki daga Guri, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, ruwa ya yi yawa. Kogi ya cika ya batse, maza suna ta jera buhunan ƙasa a bakin jingar da ke tare wa gari ruwa, hanyar Guri kuwa ta yanke kwana kaɗan bayan na wuce. Na tarar Inna ta jibge itacen wanka a rumfa don kada ya jiƙe, ga sabon baho, ga man kaɗanya a kwalba. Cikina wata takwas a lokacin.

Washegari tana tankaɗe na ga fari a yatsunta, na ɗauka gari ne. Ta tashi ta yi alwala, farin bai tafi ba. Yana kan yatsu uku na dama, da wani kamar kwabo a bayan hannun, da ɗan ƙarami a hagu. Fari fat, sumul, ba kumburi. Da na tambaya sai ta ce ƙyasfi ne, ta ja gefen mayafi ta rufe. Ni kuwa na san ƙyasfi, kullum ina ganinsa a wuyan ɗalibaina. Yana da dusa-dusa, yana ƙaiƙayi in an yi gumi, kuma ba ya yin irin wannan hasken.

Gwaggo ce ta ɓata lamarin. Ƙanwar Baba ce, ta zo daga Malam Madori za ta zauna da mu har in haihu. Ta kama hannun Inna ta duba, ta sake shi da sauri, ta goge nata a zane. Ta ce ai ta daɗe tana faɗa, mutum ba zai ci soyayyen kifi ya kora da fura da nono ba ya zauna lafiya. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya ji wannan maganar tun yana yaro, kuma gaskiya Inna ba ta taɓa kula ta ba. Gwaggo ba ta kira sunan ciwon ba, babbar cuta kawai ta ce, amma kowa ya san kuturta take nufi. Na yi mata tatas. Na ce in kifi da nono ke kawo ta, da rabin garin nan ba su da yatsu, kuma ita kanta na sha ganin ta tana siɗe kwanon biyun. Ta ce ba ni da kunya, na ce na ji.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle wanda ya shiga bakin Gwaggo. Kafin mako ya zagayo aka haihu gida uku daga namu. Muna jin guɗa. Inna ta sake zane, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jiran ɗan aike. Har la'asar ba wanda ya zo. Ta katanga muka riƙa jin kukan jaririn ana yi masa wanka, irin kukan da ke nuna ruwan ya yi zafi da yawa. Inna ta tashi ta mayar da zanen cikin akwati.

Na ce mu je asibiti, ta ƙi. Ta ce ranar da aka gan ta a layin masu ciwon fata, ranar aka gama yanke mata hukunci, ko likita ya ce me. Daga baya na gane sunan ciwon take tsoron ji. Ni kuma so nake farin ya ɓace kafin in haihu, ko ta halin ƙaƙa. Wata mata da muka shiga adaidaita tare daga awo ta ce ai abu ne mai sauƙi, a daka tafarnuwa da jar kanwa, a matsa lemon tsami, a ɗaure a wurin, zai cinye farin sabuwar fata ta fito. Ban san matar ba, ban sake ganin ta ba har yau. Ni mai takardar malanta, wadda ta gama yi wa Gwaggo gorin jahilci, ni na daka wannan haɗin da hannuna na ɗaura wa uwata a bayan hannun dama.

Tun da hantsi ta ce yana zafi. Na ce alamar aiki ke nan, ta daure. Ta daure har azahar, gumi na bin fuskarta, don ba ta so in ce ta raina ƙoƙarina. Da na kwance tsumman, fatar ta tashi ta yi ruwa. Sati uku muna fama kafin ya warke, da ya warke kuma farin ya ninka na da, ga tabon ƙuna a tsakiya. Garin neman gira mun rasa ido. Sai Gwaggo ta kawo tata dabarar, ta ce a yi ƙunshi a rufe. Lallen ya kama duhu a sauran fatar, a kan farin kuwa ya fito ja jawur, mai wucewa a bakin titi ma zai hango shi.

Ranar wata Talata na haihu a asibiti, namiji. Da muka dawo gida Inna ba ta jira kowa ba. Ta sirka ruwa, ta gwada da gwiwar hannu, ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai. Tana yi masa wanka tana yi masa tsiya, wai wannan angon nata ya zo hannu biyu ba ko goro, ga hanci kamar an taka. Rabon da in ji dariyarta tun kafin in dawo. Na kau da kai kamar yadda ake so mai ɗan fari ta yi, amma ta gefen ido nake kallon su, raina fari ƙal.

Kwana uku da haihuwa maigidana ya kira ni a waya. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan ruwa da gonar shinkafarsa da ta nutse, sannan ya faɗi abin da ya sa ya kira. Labari ya isa Guri. Mahaifiyarsa ta ce kada Inna ta ƙara taɓa yaron, in kuwa ba za a iya hanawa ba, ana gama suna za ta tafi da mu, a ƙarasa wankan a can. Na manta jego nake. Na faɗa masa maganganun da sai da na nemi gafararsa daga baya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, in fa ya tabbata, me zan gaya wa yaron in ya girma?

Na kashe wayar, amma maganar ta zauna. Duk inda na juya ita nake ji. Jariri kowa ya san da haske yake zuwa kafin ya rine, amma ni ranar duk inda na duba a jikinsa fari nake gani, a wuya, a bayan kunne, a tsakanin yatsu.

Da safe Inna ta yi masa wanka kamar kullum, ta shafe shi da mai, ta naɗe shi ta kwantar kusa da ni, ta fita dama mini kunun kanwa. Ina jin takunta ya yi nisa na tashi. Na tsiyaya ruwan zafi daga fulas a roba, na sirka, na warware shi, na ɗauki sabulu na shiga wanke duk inda hannunta ya taɓa. Ban iya ba, yana ta zamewa, ya fashe da kuka. Na ɗaga kai sai ga Inna a bakin ƙofa da kwanon kunu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi robar, ta dubi sabulun, ba ta dube ni ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta ce in sha tun da zafi, ta juya.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin azahar ta ware kwanonta da moɗarta ta kai bayan randa. Ta daina sa hannu a girki. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma rumfa kusa da itace, ga sauro, ga danshin ƙasa. Ruwan wankana tana dafawa, amma a bakin banɗaki take ajiye shi ta kira Gwaggo. Wankan yaro ma ya koma hannun Gwaggo, wadda ke riƙe shi kamar za ta fige kaza, yana tsala ihu, Inna tana rumfa ta juya baya. Sau biyu na je na durƙusa a gabanta. Ta ce ba komai, gaskiyata ce, uwa ai dole ta tsare ɗanta. Baba kuwa in ya dawo daga bakin jinga sai ya zauna a zaure da carbinsa, ba ya shigowa sai an kira shi.

Ana gobe suna surukata ta iso, rabin hanya a kwalekwale, rabi a mota, bakin zanenta duk taɓo. Na shirya mata rashin kunya, sai na ga tsohuwa ce kawai da ta tsorata. Ta gaisa da Inna daga nesa. Aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Da ta shigo ɗakina ta ba ni labarin kawunta, wanda aka yi wa bukka a bayan gari tana yarinya, ita ke kai masa tuwo ta ajiye a kan dutse ta ruga. Ta ce ta ga yadda yatsu ke ƙarewa, ba za ta zuba ido a kan jikanta ba, in shirya kayana jibi da safe.

Mai jego ba ta fita, don haka tukunya na kifa na taka na leƙa ta katanga. Maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, duk unguwa Sista muke ce mata. Tana shanya kaya na kira ta. Ban gama bayani ba ta ce ta daɗe da ganin hannun, jira take a tambaye ta, don ta san halin ƙawarta. Na koma rumfa na gaya wa Inna abin da na yi, ina jiran faɗa. Sai ta ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a tsakar gida za a yi, a gaban kowa.

Sista ta shigo da auduga a hannu, ba allura ba kwalba. Aka shimfiɗa tabarma inda haske yake. Surukata ta zauna a kan turmi, Gwaggo ta tsaya a jikin bango, Baba ya ɗaga labulen zaure. Sista ta murza audugar ta yi tsini, ta ce za ta riƙa taɓa Inna da ita, duk inda ta ji ta nuna da yatsa. Ta ce tabon kuturta ba ya jin taɓi, shi ya sa ake wannan gwajin. Ta gwada a goshi Inna ta nuna, sannan ta sa ni na ɗaure mata ido da ɗankwali.

Ta taɓa damtse, Inna ta nuna. Ta taɓa wuyan hannu, ta nuna. Sai ta ɗora tsinin a tsakiyar babban farin nan na dama. Inna ba ta motsa ba. Ta sake taɓawa, ta ja shi a hankali. Inna tana zaune da fuskarta a sama, tana jira a fara.

Na ji surukata ta ja numfashi. Gwaggo ta fara salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na zauna a ƙasa daɓas. Inna ta ji shirun ya yi yawa, ta ce, “An taɓa ne?”

Sista ta ɗaga hannun ta kai shi kusa da ido, ta kankare lallen da farce, ta shafa wurin da babban yatsa.

“Wannan ai ƙuna ce. Me aka sa a nan?”

Gwaggo ta dube ni. Da Inna za ta yi magana na san cewa za ta yi ruwan zafi ne ya zubo mata, don haka na riga ta. Na faɗi tafarnuwar, da kanwar, da lemon, da awannin da ya yi a ɗaure, a gaban uwar mijina. Sista ta ce in gode wa Allah da ban kai ga jijiya ba, kuma sabon tabon ƙuna yakan yi dundum ya daina jin taɓi, ba a gwaji a kansa. Ta tambayi Inna ko akwai wani wurin da hannun likitocin gida bai kai ba.

Inna ta miƙe ƙafa. Sannan ta janye zane daga ƙafarta ta hagu. Akwai wani a idon sawu, ya kai faɗin tafin jariri, ba wanda ya san da shi. Sista ta sake murza audugar. Na rufe idona, na kasa, na buɗe. Tsinin bai gama sauka ba Inna ta kai yatsa daidai wurin. Aka koma gefe, ta nuna. Aka koma yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙaramin na hagu, duk ta nuna. A na ƙarshe har ta janye ƙafa ta ce cakulkuli ake yi mata.

Sista ta kwance mata ɗankwalin. Ta ce ba kuturta ba ce. Ta matsa jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwa, ta ce duk lafiya. Tabon kuturta ba ya yin fari fat haka, kodewa yake yi ko ya yi ja-ja, ba ya gumi, kuma ko da ita ce, yanzu ana shan magani a warke ba tare da an yi wa kowa bukka ba. Wannan kuwa, abin da ke ba fata launi ne ya daina aiki a wasu wurare, jiki ne da kansa ke kashe shi. Ba a ɗauka, ba a shafa wa wani, ba ruwansa da kifi ko nono. Yakan bi jini a wasu gidajen. Ba ya son rauni, duk inda aka ƙona ko aka yanka nan yake bi, shi ya sa nawa maganin ya ƙara masa faɗi. Ta ce bayan suna a je asibiti a duba sukari da maƙoƙo, akwai man da ake bayarwa, wani launinsa ya dawo wani bai dawo ba, a riƙa kuma rufe wurin daga zafin rana. Likitan da muka gani daga baya bai ƙara komai a kan wannan ba.

Surukata ba ta gamsu nan take ba. Ta dubi Sista ta ce, tsakaninta da Allah, ita Sistar za ta iya cin abinci kwano ɗaya da mai wannan hannun? Sista ta tambayi inda moɗar Inna take. Na ɗauko ta daga bayan randa. Ta ɗebi ruwa ta miƙa wa Inna ta ce ta sha, Inna ta kurɓa, Sista ta karɓa ta shanye sauran, ta goge baki ta ce za ta je ta kwashe shanyarta kafin hadarin nan ya sauko. Da yamma surukata ta ci tuwo har da ƙari, ba ta sake ta da maganar tafiya ba.

Na ɗauka shi ke nan. Amma Inna a rumfa ta sake kwana.

Da sassafe ranar suna, maza sun fara taruwa a ƙofar gida, Gwaggo ta ɗauko baho. Na karɓe shi daga hannunta, na ɗauki yaron, na manta da wata kunyar ɗan fari, na ratsa mata na kai shi rumfa. Na durƙusa na ce, “Inna, angonki bai yi wanka ba.”

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta tashi ta sirka ruwa, ta gwada da gwiwar hannu, ta miƙe ƙafafu. Na ɗora mata shi. Ta wanke kai, ta wanke wuya da hammata, ta juya shi ta tausa bayan, bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Ba ta yi masa tsiya ba har ta gama. Ta shafe shi da mai, ta sa masa farar rigar da ta ɗinka tun kafin in dawo, ta naɗe shi ta miƙo mini da hannu biyu.

“Na rage miki ruwan zafi a tukunya,” ta ce, “ko za ki so ki ɗauraye shi.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma gatse a muryarta. Da gaske ta rage ruwan. Na tsaya da yaron a ƙirjina ina kuka, a waje ana shafa fatiha, ita kuwa ta sunkuya tana matse tsumman wanka.